Azurfar da Apá Ya Ɗinka wa Takalmin Ruwa

Shekarata arba'in da ɗaya, kuma ban taɓa ganin mahaifina ya fita ƙofar gida babu takalmin kaboyi a ƙafarsa ba. Anselmo Treviño sunansa, mu 'ya'yansa Apá muke ce masa. Sirdi da linzami yake ɗinkawa a garin Hondo tun kafin a haife ni. Bara ciwon suga ya sa aka yanke masa yatsu biyu a ƙafar hagu, kuma tafin ƙafarsa ya daina jin zafi gaba ɗaya. Likita ta gaya mana ba ɓoye-ɓoye: in ya ƙone ko ya ji ciwo a nan, ƙafar ce za ta tafi. Tun daga ranar ko safa ba ya cirewa a gaban kowa.

Sai ga 'yata Yaretzi za ta cika shekara goma. Aka tambaye ta me take so, ta ce filin wasan ruwa, kuma kakanta zai hau doguwar magangarar nan da ake sulalowa da ruwa tare da ita.

"An gama," in ji Apá, ko kallona bai yi ba.

An gama? A watan Yuli, a Texas, a kan daɓen simintin da za ka iya soya ƙwai a kai? Raina ya ɓaci, amma na san shi. In ya yi wa yarinyar nan alkawari, ko motar ɗaukar shanu ba ta janye shi.

Ƙanena Rogelio ya shigo ran Alhamis da leda cike da silifas, duk shuɗaye, iri ɗaya.

"Marisela, ke dai kina son wahalar da kanki. Kowa silifas yake sawa. Ka ajiye a gindin matakala, ka hau, ka sauko, ka ɗauki abinka."

"Daga inda ruwa ya zubo da kai zuwa gindin matakalar fa? A kafaɗa za ka ɗauko shi?"

"'Yar tafiya ce."

"'Yar tafiya a ƙafarka, sarkin wayo."

Na buga waya filin wasan. Matar da ta ɗauka ta ce ana hawa da takalmin ruwa mai laushi, amma ban da igiya, ban da ƙarfe ko kaɗan, don yana kankare magangarar. Shago uku na shiga a San Antonio. Kowane takalmi sai na lanƙwasa shi, na zura hannu ciki ina laluben ɗinkin da zai iya gurje fata. A na ukun na samu: ƙasansa roba mai kauri, bakinsa a rufe, cikinsa sumul. Kore ne shar, shi kaɗai ya rage daidai ƙafar Apá. Na saya wa Yaretzi irinsa.

Apá ya juya shi a hannu ya taɓe baki.

"Wannan ai kwaɗo ne. Ni za ki sa wa kwaɗo?"

"Ko kwaɗon, ko ka zauna a inuwa kana gadin kular abinci."

Ya sake duban takalmin. Ya saƙale shi a hammata ya shige shagonsa.

Ran Asabar da hantsi muka isa. Apá ya shiga ɗakin canza kaya da takalminsa na kaboyi, ni kuma ina waje ina jiransa. Da ya fito sai ga kore shar a ƙafarsa, amma kowane ɗaya da faifan azurfa mai zane a kai, irin wanda yake ƙawata sirdi da shi, yana walƙiya a rana. Ashe abin da ya shiga yi a shago ke nan. Wani dattijo ya tsaya ya ce bai taɓa ganin takalmin ruwa mai kyan wannan ba, Apá ya ƙara miƙe wuya.

A nan ne laifina. Ni da na ji da kunnena an ce ban da ƙarfe, murnar ganin ya sa takalmin ta mantar da ni sarai.

Rogelio da matarsa suka jefa silifas ɗinsu cikin tarin da ke gindin matakala, muka fara hawa. Hawa shida, layi na tafiya kamar ba ya so. Apá yana hutawa a kowace kwana, Yaretzi riƙe da hannunsa tana ba shi labarin yadda za su yi ihu. Sai da muka kusa cinye awa guda kafin muka kai sama.

Ma'aikaciyar da ke sakin mutane, wata mata mai furfura da usur a wuya, ta dubi ƙafarsa.

"Yallaɓai, ka yi haƙuri, da ƙarfen nan ba za ka hau ba. Ko ka cire takalmin ka rungume shi a ƙirji, ko ka sauka ta matakala."

Na dubi ƙafarsa ta hagu. In ya cire, ƙafa tsirara zai faɗa ruwa, ya fito kan siminti mai ƙuna da ba zai ji ba. In ya sauka, ya saɓa alkawari a gaban jikarsa da mutum ɗari. Ya laluba ƙugunsa neman 'yar wuƙar da ba ya rabuwa da ita. Tana can cikin aljihun wandonsa a ƙasa.

"Apá, bari na fizge shi."

"Ɗinkina ne za ki fizge? Sai dai takalmin ya yage."

Gaskiya ya faɗa. Zaren kakin da yake ɗinka sirdi da shi ne, na ja har yatsana ya yi ja, ko motsi. Wani daga baya ya ce a yi sauri mana. Na juya na watsa masa harara, ya haɗiye sauran maganar.

"Welo," in ji Yaretzi, haka take kiran kakanta, murya ƙasa-ƙasa, "ba komai, mu sauka."

Apá ya dube ta. Sai ya dafa kafaɗata, ya sunkuya, ya zare takalmin hagu. Ga ƙafar a fili, yatsu uku da tabon ɗinki, wadda ko ni ba ya bari na gani sai a ɗakin likita. Yana neman inda zai sauke ta, ni kuma na san katakon da muke tsaye a kai wuta ne.

"Kada ka taka!"

Yaretzi ta riga ni. Ta turo ƙafarta mai koren takalmi ta ce, "Ɗora a kan tawa." Ya ɗora. Ba ta kawar da kai ba, ba ta kuma zuba wa tabon ido ba.

Apá ya juya takalmin, ya nemo ƙullin ta ciki, don shi ya san inda ya ɓoye shi, ya sa haƙori ya datse. Azurfa ta faɗo a tafin hannuna. Ya mayar da takalmin, ya cire na dama, ya sake yin haka. Duk layin na kallo. Da ta biyun ta faɗo, mutumin da ya ce a yi sauri shi ya fara tafi.

Ma'aikaciyar ta shafa takalman biyu da hannu, ta ce, "Bismillah, yallaɓai, ku zauna." Ta karɓi azurfar ta ce za ta aiko mana da ita ƙasa.

Ihun da na ji daga cikin magangarar nan ba na Yaretzi ba ne. Na Apá ne, irin wanda yake yi in mawaƙa sun saki kiɗa a wurin biki, wanda rabona da jinsa tun kafin asibiti. Na bi bayansu ina kuka ina dariya, ruwa na shiga mini hanci.

A ƙasa na tarar da shi yana takawa a kan siminti a hankali, kamar mai zagaya gonarsa. Rogelio kuwa yana can yana tsalle ƙafa ɗaya-ɗaya, yana tonon tarin silifas shuɗaye sun fi hamsin, ya rasa nasa.

"'Yar tafiya ce, Rogelio!" na ƙwala masa.

Na zaunar da Apá a inuwa, na cire takalman, na duba tafin ƙafa da tsakanin yatsu ɗaya bayan ɗaya. Sanyi ƙalau, ko ja babu. Bai ɓoye ƙafar ba, bai ce na yi sauri ba. Da na gama ya miƙa hannu ya ɗauki kwaɗonsa ya zura da kansa.

"Tashi, jikata," ya ce wa Yaretzi. "Layi na ƙara tsawo."