Launin da Jan-baki Ke Tsoro

"Malama, zo ki gani! Yau jan kwano suka faɗa wa, ɓarayin banza!"

Ba Kashim ne ke ihu daga tabarmarsa a gindin dogon yaro, in har za a kira ihu ɗan abin da ciwon ƙirji ya rage masa na murya. Salomi ta jingine kekenta ta leƙa. Jan kwanon kam an sharce shi tas, fari da shuɗi da rawaya kuwa geronsu na nan kusan yadda ta zuba.

Salomi malamar firamare ce, 'yar Biu, tana haya a jikin gidan Gumsu a Limanti tun shekarar da jirgin ƙasa ya fara shigowa gari. Makarantarsu za ta yi baje kolin kimiyya, ita kuma ta zaɓa wa 'yan ajinta tambaya: wane launi tsuntsaye suka fi so? Ta sayo fenti a kantin Boniface ta shafe kwanoni huɗu. Kullum da safe ta zuba gero daidai wa daida, ta sassauya musu wuri, ta tafi aiki. Mai gadi kuwa ba ta nema ba, shi ya naɗa kansa.

Ba Kashim uban Gumsu ne, an kawo shi jinya daga Konduga. A kan rumfar gona ya tsufa, majajjawa a hannu, yana yaƙi da tsuntsayen jan-baki. Bara sun cinye gonar ɗansa Ba'ana ƙarƙaf, ga shi bana gero ya fara fid da kai.

"Ke wanda suke so kike nema, ni wanda suke tsoro," in ji shi. "In kin gano, a aika wa Ba'ana ya rataya tsummokin wannan launin ya huta. Kafin in tafi, Malama."

"Za mu gano, Baba. Aikina ba ya ƙarya."

Ta faɗa gaba gaɗi, don halinta ke nan. Sai dai tsuntsayen ba su san da wannan ba. Yau ja, gobe rawaya, jibi su koma wa shuɗi. Tsoho ya ce tsuntsayen birni ba su da alƙibla, halin mutanensa suka ɗauko.

Ran Asabar ba makaranta, sai Salomi ta zauna bakin ƙofa ta zuba ido. Gumsu ta kawo wa ubanta burabusko. Hannunsa na rawa, rabin loma a baki, rabi a ƙasa. Yana fara gyangyaɗi tsuntsayen suka sauko, ba wanda ya kalli fenti. Suka tsince gefen tabarma, sannan suka afka wa kwanon da ya fi kusa da shi. Wata kurciya har kan yatsan ƙafarsa ta tsaya. Washegari Salomi ta sake gwadawa, ta matso da farin kwano kusa da shi. Fari suka cinye.

Abin ya tsaya mata a rai. In ta ce masa shuɗi, zai tafi da kwanciyar hankali, amma Ba'ana zai rataya tsumma ya sauko daga rumfa, a cinye shi kamar bara. In ta faɗi gaskiya, ta sallami tsoho hannu wofi. Tausayinsa ya hana ta cin abinci.

Bayan la'asar ɗin Talata Gumsu ta leƙo, idonta jawur. "Malama, Baba na kira."

Ya ƙi a shigar da shi ɗaki. Yana kwance a inuwarsa, numfashi sama-sama. Salomi ta durƙusa.

"Wushe, sannu 'yata. Wane launi?"

"Babu, Baba. Ba launi suke bi ba. Kai suke bi." Ta kwashe duk abin da ta gani ta faɗa masa, har zancen kurciyar.

Ya lumshe ido har ta tsorata. Can sai ƙirjinsa ya fara girgiza, ashe dariya ce.

"Ni? Ni da na ƙarar da ƙuruciyata ina jifansu?" Ya yi tari, Gumsu ta tallafe kansa. "To ku ce wa Ba'ana kada ya sauko daga rumfa. In kuma sun fi ƙarfinsa, ya ɗauke ni ya shimfiɗa a gonar maƙwabci."

Gumsu ta yi dariya tana hawaye. Kafin a kira magariba ya cika.

Da safe maza suka tafi kai shi, unguwa ta yi tsit. Salomi ta fito da kwanoninta don hannu ya saba, ta jera su, ta zuba gero. Ba wanda ya tuna ya naɗe tabarmar. Tsuntsayen suka sauko daga dogon yaro, suka tsallake ja da fari da shuɗi da rawaya, suka sauka a kanta suna ta dube-dube.