Bama-baman Manomi

Da aka gama yaƙi a Jamus, ni nake tuƙa Manjo Delbert Hruska a jif. Yana cikin waɗanda aka tura su zagaya wuraren da jiragenmu suka yi wa ruwan wuta, a gano ko ɓarnar ta karya Jamusawa da gaske.

Wata ran muka nufi masana'antar injinan tankokin yaƙi da shi kansa ya jagoranci harinta. Hoton da aka ɗauka daga sama ya nuna rufinta a ƙasa, aka ba shi lambar yabo, ƙarin girma na tafe. A wannan harin ne wani matuƙin jirgi, Orval Stuckey, ya kuskure, nasa bama-baman suka faɗa gonakin bayan gari. Tun ranar ake tsokanarsa: "Manomi, yaushe za a tone dankalin?" Da sunan ya mutu a wani harin.

Muka tarar babu rufi kam, amma injuna na nan lafiya ƙarƙashin tamfol, har da mai a jikinsu. Manajan wurin, wani tsoho mai ɗan Turanci, ya ce, "Rufi kuka kashe. Muka share, muka ci gaba da aiki."

"To me ya tsayar da ku?" in ji Manjo.

"Rashin kwal."

Tsohon ya kai mu bayan gari, ga mashigin ruwan da kwale-kwalen kwal ke bi. Ƙofar da ke tare ruwansa a tarwatse, ruwa ya tsiyaye, kwale-kwale kwance cikin laka. Gefe guda gonakin dankali ne, duk ramukan bama-baman Stuckey.

Na san duniya, sai na ce, "Yallaɓai, ni dai ban ga komai ba."

"Kai da ke hango sigarina ta cikin aljihu? Tayar da mota."

A gabana ya gaya wa Kanar, mai gidanmu, gaskiyar abin da muka gani. Kanar ya ce, "Del, ka san abin da wannan zai yi wa ƙarin girmanka?"

"Na sani, yallaɓai. Harina bai tsayar da komai ba. Na Stuckey ne ya yi aikin."

"Bisa kuskure fa."

"E. Sai mu koyi yin kuskuren da gangan."

A muƙamin Manjo ya yi ritaya. Na yi aiki da manya iri-iri, ban ga wanda ya kai shi ba. Kuma ko a taron tsofaffin sojoji a birnin Omaha, babu mai kiran Stuckey Manomi in Manjo yana wurin.