Doguwa da Gajera a Buhu Ɗaya

Tun da ɓarin jikin Malam Misbahu ya shanye, bakinsa ya karkace, komai na gidan ya dawo kan matarsa Zulaihat: girki, jinya, awaki, har da gonar shinkafa a bakin kogi. Ita kuwa 'yar cikin garin Haɗejiya ce, a tukunya ta san shinkafa. Kullum magariba kan same ta ba ta gama rabin aikinta ba.

Yayar mijin, 'Yar'azumi, ta zo dubiya daga garin Malam Madori. Ta tsaya a ƙofar ɗakin ajiya ta riƙe haɓa.

"Zulai, wannan ɗaki ne ko kasuwa? Ba aiki ne ya yi miki yawa ba, rashin tsari ne. A ƙungiyarmu an koya mana, kowane abu a haɗa shi da irinsa wuri ɗaya. Wake da wake, gero da gero. Sai ki ga yini ya yi miki albarka."

Magana ce mai daɗin ji, irin wadda ake faɗa a ƙarƙashin fanka. Suka ɗaura zani suka shiga. Har ludayin da ya ɓata tun bara ya fito. Irin shinkafar Malam kuwa a warwatse yake, wani a tulu bayan ƙofa, wani a ƙwarya a kan ragaya. 'Yar'azumi ta riƙe bakin sabon buhu, Zulaihat ta juye duka. Malam yana kwance a tabarma yana gurnani, yana dukan ƙasa da hannunsa mai lafiya.

"Ruwa yake so," in ji yayar tasa. Aka ba shi ruwa.

Da damina ta kankama, Baƙo, maƙwabcinsu mai garmar shanu, ya yi sallama.

"Matar Malam, a ba ni doguwar tukuna. Kwari za mu fara shukawa, an ce ruwan kogi ya wuce garin Miga."

"Wace doguwa?"

Ta jawo masa buhun. Ya damƙo ya duba a tafin hannu, ya yi salati.

"Wa ya haɗa su? Iri biyu ne. Doguwa ta kwari ce, tana tashi tare da ruwa. Gajera ta tudu ce, mai saurin nuna. Ki zuba wannan a kwari, rabi ya nutse. Ki zuba a tudu, rabi bai nuna ba ruwa ya janye."

"A sayo wani mana."

"A ina? Kowa ya shuka nasa. Doguwar nan ma wajen Malam muke karɓa."

Ta dubi buhun. Abincin shekara ke nan a buhu ɗaya, a ɗaure tsaf, a ɗaki mai tsabta.

Baƙo ya nuna mata bambancin: doguwa tana da ɗan ja a baki, ɗan mitsitsi. Ta ɗauko faifai ta zauna a rana tana tsinta ƙwaya-ƙwaya. Ba a hura wuta ba. Awaki suna kuka a turke. Idonta ya fara ruwa, jan ya ɓace mata, duk ƙwayoyin suka zama ɗaya.

Ta kira 'Yar'azumi a waya. "Yaya, kin ga abin da tsarinki ya jawo mana?"

"To ni na ce ki haɗa abin da ba iri ɗaya ba? Ai da kin tambaya."

Ta kashe wayar. Ta ja faifan zuwa tabarmar mijinta, ta durƙusa.

"Malam, don Allah. Idona ya ƙi."

Ya sa yatsu a ciki, yana murzawa yana turawa, wannan dama, wannan hagu. Wasu na zubewa ƙasa tana bi tana tsincewa. Hawaye na gangara ta karkataccen bakinsa, bai tsaya ba. Har la'asar sakaliya abin da suka ware bai cika kwano ba.

Baƙo ya dawo, wandonsa jiƙe zuwa gwiwa.

"Ruwa ya shigo ƙasan kwarin. In ba yanzu ba, sai baɗi."

Zulaihat ta dubi kwanon, ta dubi buhun da ko wuyansa bai sauka ba.

"Tsakanin kwarin da tudun fa? Inda ruwa ke zuwa bai yi zurfi ba?"

"Ɗan siriri ne, matar Malam. Ba zai ci rabin buhun nan ba. Kuma ban taɓa ganin wanda ya yi haka ba."

Ta dubi mijinta. Ya lumshe ido, ba ta san ko yarda ce ko gajiya ba. Ta miƙa wa Baƙo kwanon, ta ce ya shuka kwari da shi. Ta ciccibi buhun ta ɗora a ka, ta bi bayansa ba takalmi, tana ambaton sunan Allah.