Kwana Shidan Tahiratu a Venis

A cikin feri, jirgin ruwan fasinja, 'yata Tahiratu ta fara yi mini maganar Venis. Ranar Asabar ce, a watan biyar na 2015, shekara biyu da 'yan watanni kafin Allah ya karɓi abinsa. Ta ce in raka ta St. George in ga ofishin likitan haƙorin da take wa aiki, tunda shekara uku tana ƙetare ruwan nan safe da yamma ban taɓa zuwa ba. Muka hau tiren, jirgin ƙasa, daga unguwarmu Morrisania har ƙarshen Manhattan, muka shiga jirgin ruwan. Ni na nemi kujerar tsakiya na riƙe ƙarfe. Ita tana tsaye a waje, iska na wasa da gyalenta.

Sai da muka yi nisa da gaɓa, inda ba ni da wurin tashi in ba ta wuri, ta zo ta zauna kusa da ni. Ta ce akwai wani tsohon gari a Italiya da aka gina a kan ruwa. Ba mota ko ɗaya a cikinsa. Bas ɗinsu jirgin ruwa ne, motar asibitinsu ma haka. Ta ce ta riga ta sayi tikiti, za ta tafi a watan tara, kwana shida.

Na ce ita da wa.

"Ni da ni, Mma."

Da sikila aka haifi Tahiratu, tun a Kumasi. Tana shekara huɗu muka biyo babanta Alhassan nan New York, tana sha ɗaya ya rasu, muka rage mu biyu. Ciwon nan nakan gane zai tashi kafin ita ta gane: farin idonta ya canja, ta fara murza gwiwa. Sanyi yana tayar da shi, ruwan sama yana tayar da shi, gajiya ma haka. Ban taɓa barin ta ta sa sakata a banɗaki ba. Kullum da gorar ruwa nake bin ta. Ga shi yanzu tana gaya mini za ta garin da gidajensa ma a cikin ruwa suke tsaye.

Na ce a'a. Ta ce likitarta ta yarda, har za ta rubuta mata takarda da magunguna. Na ce likita ba ita ta haife ta ba. Ta yi dariya, ta ɓare mini alewa ta ce in tsotsa, fuskata ta yi kamar zan yi amai.

Na ga a'a ba za ta yi aiki ba, sai na nemi wata hanya. Gaskiya zan faɗa, ba suɓutar baki na yi ba, da gangan ne. Akwai suna a Concourse Village, a gidan ƙawata Hajiya Raudatu, wadda muka sayar da koko tare a zangon Kumasi muna 'yan mata. Ana tsakiyar raba wake da shinkafa na ɗaga murya na ce Tahiratu za ta Italiya.

A wurinmu ba a tafiya hannu sake. In za ka gari, duk mai ɗan'uwa a can sai ya ba ka saƙo. Wanda aka aika wa kuwa dole ya zo ya tarye ka, ya ciyar da kai, ya ga inda ka kwana. Abin da nake so ke nan. In ta ɗauki saƙon mutum biyar, ido goma ke nan a kanta.

Raudatu ce ta fara kawo nata: kwalba uku na shito, soyayyen yajin nan namu na Gana, an naɗe su da leda da salatif, da kaftani, na ɗanta Saani da ke aikin ƙarfe a Brescia. Har ta kira shi a waya ta ce ya je filin jirgi ya ɗauko ƙanwarsa ya kai ta gidansa. Shafa'atu, 'yar Nijar mai shago a layinmu, ta kawo kilishi da turaren wuta na ƙanwarta a Napoli. Wani mutum da ban ma san sunansa sosai ba ya kawo takalman yara, ya ce Palermo. Duk na karɓa, na sa an rubuta suna da lambar waya a jikin kowane ƙunshi. A zatona garuruwan nan kamar Bronx da Harlem ne, ka hau bas ka sauka. Na riƙa tura su ƙarƙashin gadona, ina jiran ranar da zan ce mata ai an riga an kawo, ba a mayar da saƙo.

Warin turaren ne ya tona ni. Wata Lahadi bayan azahar na dawo daga cefane na tarar ta jawo su duka tsakiyar falo, ƙunshi goma sha ɗaya, tana zaune a ƙasa tana karanta sunayen. Ba ta yi faɗa ba. Ta buɗe taswira a wayarta ta nuna mini. Brescia awa biyu ne a tiren. Napoli ya fi awa biyar. Palermo kuwa a kan tsibiri yake, sai an sake ƙetare teku. Ta ce kilishin ma ba za a bari ya shiga ƙasar ba.

Na ce to ta kai na Saani kawai, ta sauka a wurinsa, matarsa tana da kirki.

Tahiratu ta saba amsa mini da Turanci, amma ranar da Hausa ta yi magana, Hausarta mai ɗingishi.

"Mma, shekarata ashirin da bakwai. Ban taɓa rufe ƙofa na yi awa ɗaya ba a ƙwanƙwasa an tambaye ni ko na sha ruwa ba. Kwana shida kawai na roƙa. Ina so in bi hanya in ɓata, ba wanda ya san inda nake."

Na ce in ta faɗi a inda ba wanda ya sani fa.

Ta daɗe tana kallon kayan. Sannan ta ce, "To, na fasa." Ta tashi ta jera su a jikin bango da kyau, ta shiga kicin ta ɗora mana shinkafa.

Na ci nasara, na kuma yi sati biyu ina cin ta ba gishiri. Ba ta yi fushi da ni ba, da ta yi ma da ya fi mini sauƙi. In na miƙa mata gora sai ta karɓa ta shanye ta ce na gode. Ta daina tsokanata. Littafin koyon Italiyanci da take karantawa a feri ta ajiye shi a kan firij, ƙura ta fara hawansa. Wata safiya na leƙa ɗakinta na gan ta zaune a bakin gado ta gama shiri, jaka a cinya, tana kallon bango kamar tsohuwar da nake kula da ita a wurin aiki. Na tambaye ta ko ta mayar da tikitin. Ta ce tukuna, ranar Juma'a za ta yi.

Ranar Laraba na ɗauki hutu. Bayan ta fita na loda ƙunshin nan duka a keken da nake zuwa cefane da shi, na fara bi gida-gida.

Duk wanda ya tashi a zango ya san nauyin abin da na yi. Shafa'atu ta karɓi nata ta ce ba komai madam, amma ta yi wata biyu ba ta tambaye ni ya gida ba. Mai takalma ya ce ai ya riga ya gaya wa yaran. Wata ta ce dama an ce 'ya'yan Amurka ba su da zumunci, ba ta san iyayensu ma sun koya ba. Kowa na ce masa laifina ne, yarinyar ba ta san an karɓa ba.

Gidan Raudatu na bari a ƙarshe. Lif ɗinsu ya lalace, na jawo keken har hawa na huɗu. Ta buɗe ƙofa, ta dube ni, ta dubi kwalaben.

"Rafia, tun muna sayar da koko na san kanki da motsi, amma ban san ya kai nan ba. Shiton nan dai ya ga duniya. Ya je Morrisania ya yi wata biyu ya dawo."

Na ce ta ba ni ruwa tukuna kafin ta ci gaba da zagina.

Ta ba ni, na zauna na gaya mata komai. Da na gama sai ta ce to a bar Saani ya bi ta a ɓoye mana, ya riƙa hango ta daga nesa. Na ce Saani da tumbinsa da jar hularsa, wa zai ɓoye wa? Muka yi dariya har na share hawaye. A wayarta na kira shi da kaina na ce kada ya je filin jirgi. Ya ce, "Mma, ga lambata dai, ko me ya faru awa biyu ne." Na rubuta a bayan wata takarda na sa a jakata.

Da yamma na sauko da littafin daga kan firij, na goge shi da gefen zanina na ajiye mata a kan filo. Da ta dawo ta ga falo wayam. Ta fito daga ɗaki da littafin a hannu ta tsaya tana kallona. Na ce kada ta tsaya mini a ka, ta je ta wanke hannu.

Sharaɗi ɗaya muka yi. Kullum za ta aiko mini hoto ɗaya. Ni kuma ba kira, ba tambaya, amsata Alhamdulillahi kawai.

Hoton farko ƙafafunta ne a kan matakalar wata gada, ruwa kore a ƙasa. Na biyu wani lungu ne da bai kai faɗin tabarma ba, an ɗaura igiya daga taga zuwa taga an shanya wanduna da zannuwan gado. Ta rubuta, "Mma, ashe nan ma zango ne." Na uku faranti ne na taliya baƙa ƙirin. Na amsa Alhamdulillahi, a zuciyata kuwa na ce an sayar wa 'yata ƙonanne.

Na huɗu ya shigo da hantsi, ina wurin aiki ina ba tsohuwata shayi. Rufin ɗaki ne, katako baƙi da fitila a rataye. Ta rubuta, "Yau hutu nake."

Shekara ashirin da bakwai ina zama a gefen gadonta, na san abin da mutum yake gani in yana kwance rigingine ya kasa juyawa. Na ciro takardar Saani. Na danna lambar har ta cika, saura in taɓa kore. Tsohuwar ta tambaye ni lafiya. Na daɗe a tsaye. Sai na goge lambar, na rubuta Alhamdulillahi na aika, na sa wayar a aljihun tebur na kicin na rufe. Ranar na kwance labulayen gidan matar nan duka na wanke, na goge tanda, na yanke mata farce. Na yi azahar, na yi la'asar, ban san me na karanta a ciki ba.

Washegari hoto ya zo. Hannunta ne riƙe da askirim yana narkewa a kan yatsunta, a bayansa wani babban fili cike da tantabaru. Na zauna a kan matakalar gidanmu na yi kuka har maƙwabciya ta fito.

Ba ta bari na je filin jirgi ba, ita ta kawo kanta har ƙofa. Ta yi duhu, ta ɗan rame, bakinta bai rufuwa. Ta ba ni labarin tsibirin da ake hura gilashi da baki kamar balan-balan, da yadda ta ɓata sau bakwai a rana ɗaya, kowane lungu ta bi sai ya ƙare a ruwa. Taliyar kuma wai ba ƙonewa ta yi ba, da ruwan wani kifi ake baƙanta ta. Na bar ta ta gama, sannan na ce rana ta huɗu fa.

Ta ce ruwan sama ne ya kama ta a jirgi, da asuba bayanta ya riƙe. Ta sha maganinta. Ta roƙi matar masaukin ruwan zafi a kwalba, rabi da Italiyanci rabi da hannu. Ta ajiye takardar likita a kan tebur ta yanke wa kanta lokaci: in la'asar ta yi bai sassauta ba, za ta ce a kira jirgin asibiti. Kafin la'asar ya sassauta. Ta rarrafa ta buɗe taga, ta kwanta tana jin ƙararrawar coci da ruwa yana marin bango, wani mutum ya wuce a kwalekwale da akwatunan tumatir yana faɗa da wani a waya.

"Ya yi zafi, Mma. Amma aiki ɗaya na yi. A nan in ina ciwo aiki biyu nake yi, ciwon da kuma fuskarki."

Ban san tana kallon fuskata ba duk shekarun nan, na ɗauka ni kaɗai ke kallon tata.

Ta ce, "Kin gane daga hoton?"

"Na gane."

"Ba ki kira kowa ba?"

"Ban kira ba."

Ta zamo daga kujera ta ɗora kanta a cinyata, da takalmanta da komai. Na cire mata gyale ina sosa mata kai. Kitson da na yi mata kafin ta tafi duk ya tsufa. Na ce gobe za mu tsefe shi. Ta ce sai dai jibi, gobe barci za ta yi, kuma za ta rufe ƙofa.

Na ce ta rufe.