Daren da Aka Kira Kanari

Tun da suka shiga kulob ɗin Kanari ta gane an yi mata shiri. Wurin ya cika maƙil, mutane na tsaye har bakin ƙofa, amma ga tebur guda a gaban dandamali babu kowa a kai, an kifa kofuna biyu ana jiransu. Ƙanwarta Auta ta tura ta kujerar da ke jikin bango, ita kuma ta zauna a ta waje, ta ɗora jakarta a kan hanya. Hagu bango, dama Auta, baya wata ƙatuwar lasifika da ke girgiza mata haƙarƙari. Ko banɗaki za ta sai ta nemi izini.

"Ba kin ce kallo kawai za mu yi mu tafi ba?" ta tambaya a kunnen Auta.

"Kallo ne mana, Yaya! Sha lemonki."

Auta ba ta iya ƙarya ba. Tun tana ƙarama idan ta ɓoye abu sai hancinta ya riƙa motsi, ga shi yanzu yana ta yi.

Shekara tara Kanari ta yi tana waƙa a wannan dandamalin, nan ma aka laƙaba mata sunan. Shekara biyu da suka wuce aka yi mata aiki a maƙogwaro. Ranar da ta koma ganin likita ita kaɗai ta je, ita kaɗai kuma ta ji abin da ya ce: magana za ta dawo, a shaƙe, amma waƙa kam sai haƙuri. Da ta dawo gida sai ta ce wa kowa likita ya ce ta huta. Ta buɗe ɗan shagon zare da maɓalli, ta ci gaba da hutun da ba shi da ranar ƙarewa. Gara a ce Kanari girman kai ya hana ta dawowa da a ce Kanari ta ƙare. Wannan ɗan abin shi ne kaɗai ya rage mata, tana kuma riƙe da shi da hannu biyu.

Makaɗan su ne dai na da. Mai jita, wanda shi ne shugabansu, ya ƙara tumbi ya rage gashi. Mai ganga har yanzu yana cije leɓe kamar wanda ake yi wa allura. Sabuwar mawaƙiyar ce kawai ba ta sani ba, wata doguwa mai jar riga, tana tsaye daidai inda ita take tsayawa da. Kanari ta kasa kunne tana neman aibu, ta nema har ta gaji ba ta samu ba. Matar ta iya. Abin ya ci mata rai ƙwarai.

Ƙarfe ɗaya ta wuce, zafi ya yi yawa, ƙanshin turare da hayaƙin sigari sun haɗu sun tsaya mata a wuya. Ta dafa kafaɗar Auta.

"Tashi mu tafi. Kaina na ciwo."

"Waƙa ɗaya tak, don Allah."

"Auta, matsa min."

"Yaya, shekara biyu kina zaune cikin zare kamar gizo-gizo. Yau ɗaya dai ki bari a gan ki."

Kafin ta amsa kiɗa ya tsaya. Mai jita ya buga makirufo da yatsa, ya kare ido da tafin hannu kamar mai neman wani a nesa, alhali ya san teburin da ya ajiye.

"Jama'a, yau muna da babbar baƙuwa. Wanda bai san ta ba ya tambayi na kusa da shi!"

Farar fitila ta zagayo ta sauka a fuskarta. Wani daga baya ya ƙwala sunanta, wasu suka karɓa, kafin ka ce me duk ɗakin ya ɗauka, ana buga tebur. Kanari ta girgiza kai, ta nuna maƙogwaronta, ta haɗa hannu biyu tana roƙo. Suka ɗauka jan aji ne, suka ƙara ihu. Auta, wadda ta ƙi matsawa duk daren, sai ga ta ta miƙe tsam ta ɗauke jakarta, tana dariya tana share ƙwalla. Hanya ta buɗe, amma ta dandamali ce kawai.

Matakala uku ce. Ta hau su ɗaya bayan ɗaya.

"Ba zan iya ba," ta faɗa wa mai jita da ya rungume ta.

"Me kika ce?"

"Na ce ba zan iya ba!"

"Haba, ke da wasa!" Ya danƙa mata makirufo, ya juya ya ɗaga wa mai ganga hannu.

Tsohuwar waƙarta suka ɗauko, wadda take rufe dare da ita. Ta san inda za ta shiga, jikinta ma ya sani, numfashi ya ja kansa da kansa. Ta buɗe baki. Abin da ya fito iska ce kawai. Amma a daidai wannan lokacin mutum ɗari uku suka shiga tare da ita: "Bar min fitilar a kunne, ko da na yi dare." Suka rera ta da iyakar ƙarfinsu, masu murya da marasa murya, wani ya hau kujera, wata ta rufe ido ta dafe ƙirji.

Mutum ɗaya ne ya lura. Mai jar riga tana kusa da Kanari, ta dube ta sau ɗaya, ta ga jijiyar wuyanta ta tashi babu sauti. Ta ja da baya inda fitila ba ta kai ba, ta sauke muryarta ƙasa-ƙasa, ta riƙa bin bakin Kanari baiti bayan baiti. Inda ya kamata a ja, ta ja. Inda Kanari ta saba karya murya, ta karya. Ashe ta haddace waƙar tas.

Haka aka yi waƙar har ƙarshe. Kanari na tsaye tana motsa baki, gumi na bin bayanta, tana jin waƙarta na fitowa daga bakin wata, ana kuma yi mata tafi a kai. Ta taɓa zaton babu abin da ya kai a ji muryarta ta mutu ciwo. Yanzu ta ga wanda ya fi shi: ta mutu ɗin, kuma ba wanda ya ji.

Mai jita ya ɗaga hannunta sama kamar ɗan dambe.

"Kun ji ko? Muryar tana nan daram! Daga yau, duk Asabar, Kanari ta dawo gida!"

Ɗakin ya kaure. Mai jar riga ta karɓi makirufon daga hannunta, ta ɗan matse mata yatsu.

"Sannu, Anti," ta ce, ba ta yarda sun haɗa ido ba.

Sai wajen ƙarfe uku suka samu fita, bayan hotuna da runguma da waɗanda suka rantse muryar ta ma fi da daɗi. A cikin tasi shiru ya sauko, har kunnuwanta na ƙara. Auta kuwa baki ya ƙi rufuwa. Ta ce ita ce ta je ta sami mai jita, wata guda suna ƙullawa, ta san dama tsoro ne kawai, za ta ɗinka mata sabuwar riga kafin Asabar.

"Amma wallahi, Yaya, ihunsu ya hana ni jin ki sosai. Ɗan yi min kaɗan. Nan ba kowa."

Kanari ta kalli titi. Shaguna duk a rufe, fitilu na wucewa ɗaya bayan ɗaya. Tana iya cewa ta gaji. Gobe ma ta ce ta gaji, jibi ma haka. Amma Asabar tana nan tafe, bayanta kuma wata Asabar ɗin.

Ta gyara zama, ta ja numfashi, ta fara.

Muryar ta fito a shaƙe, tana karcewa kamar ƙofar da ta yi tsatsa. A kalma ta uku ta tsinke, ta koma iska, ta sake kamawa a wani wurin da ba nan ba. Kanari ba ta tsaya ba. Tana kallon fuskar Auta, tana ganin murmushin yana zubewa a hankali, har Auta ta kai hannu ta toshe baki.

Direba ya yi gyaran murya. Kunya ta kama shi, ya miƙa hannu zai kunna rediyo.

"Bari, malam," in ji Auta. Ta kamo hannun yayarta ta riƙe gam a cinyarta. "Ba ta gama ba."