Bututun da Ya Ƙi Zama Wuri Ɗaya

Kowace shekara reshenmu na ƙungiyar masu binciken ƙarƙashin ƙasa yana fita fili yini guda, mu nuna wa sababbin shiga yadda ake gano abin da ke binne ba tare da an sa diga ba. Ni ce sakatariyar reshen, wato ni ke shan wahalar kujeru da ruwan sha, wasu su sha tafi. Bana filin bayan zauren taronmu muka zaɓa, don an ce akwai tsohon bututun ruwa a ƙasansa, ba wanda ya san ta inda ya bi.

Da na'urar auna maganaɗisu za a neme shi. Sanda ce mai kai, da ɗan akwati da ake ratayawa a ƙirji yana nuna lamba. Ƙarfen ƙasa da na aljihu duk ɗaya ne a wurinta, shi ya sa mai riƙe ta dole ya zube komai a faranti: makulli, waya, agogo, har bel.

Mai riƙewar kuwa kullum Farfesa ne. Shi ya kafa reshen, shi ya koyar da rabinmu, har da ni. Tun da ya yi ritaya wannan yinin ne kaɗai ya rage masa a fili. A taron da ya wuce wasu sun fara gunaguni wai a ba masu jini a jika sandar. Na ce musu su bari sai ranar da ya kasa, kuma ban faɗa da laushi ba.

Ya zube kayansa, ya ɗauki sanda, ya bi layin farko yana karanto lamba ina rubutawa. Lamba ta hau. Muka kafa fegi, muna murna. Da ya juyo a layi na biyu sai ta faɗi ƙasa warwas. Layi na uku ta sake hawa. Ikon Allah! Bututu ya bayyana in an tafi, ya ɓace in an dawo?

"Wannan ba bututu ba ne, maciji ne," in ji Mai Rijiya, abokin aikinmu da ke nuna wa mutane inda za su haƙa burtsatse, wanda bakinsa ba ya gajiya.

Nan fa kowa ya zama likitan na'ura. Aka canja batir. Aka sa masu motoci suka matsar da su can bakin titi. Wani ya ɗora laifin a kan wayar lantarki, wani a kan rana. Wallahi a ajin farko aka koya mana cewa in lamba na bin inda mutum ya fuskanta, to a laluba mai riƙe sanda. Amma wa zai laluba wanda ya koya mana?

Abin ya hana ni sakat. Na zube nawa tarkacen, na karɓi na'urar wai zan duba igiyarta. A hannuna lamba ta tsaya cak. Farfesa ya matso ya leƙa, ta motsa. Ya juya zai amsa gaisuwar wani, ta koma. Ya sake matsowa da ƙafar hagu, ta yi tsalle.

"Baba," na ce a hankali, "me ke ƙafarka ta hagu?"

Ya kalli akwatin. Sannan ya ja ƙafar wandonsa sama. Ɗaurin gwiwa ne na asibiti, da ƙarfe biyu a gefe.

"Sun ce mini alminiyon ne, ba ruwansa da maganaɗisu," ya ce. "Na so in yarda da su. In na cire, ko layi ɗaya ba zan kai ba, 'yata."

Tausayi ya kama ni, da haushin kaina, don a gaban kowa abin ya fito. Sai kuma na ga idon tsohon ya kawo haske.

"Kai, amma ƙarfen nan yana da ƙarfi! Ku matso, ku ga darasi kyauta. Riƙe sandar da kyau. Zan ja da baya, ki faɗa mini inda ta daina jina."

Ya fara ja da baya yana ɗingishi, ina karanto lamba da ƙarfi, sababbin shiga na rubutawa. Tana sauka, tana sauka, har ta daina motsi. Ya kusa kaiwa inda muka jera kujerun baƙi.

"Ta tsaya, Baba!" na ɗaga murya.

"Nan?"

"Nan."

Ya dubi tazarar da ke tsakaninmu, ya gyaɗa kai. Ya jawo kujera ya zauna daidai wurin, ya miƙe ƙafar.

"To, ki sake layin farko," ya ce. "Ki riƙa ɗaga murya, daga nan ba na ji sosai."