Ƙwallon Ƙirya ta Dogo Masassaƙi

Duk wanda ya ce muku ya fi ni sanin Dogo masassaƙi, ku ce masa Sammani mahauci ya ce ƙarya yake yi. Taubashina ne, ɗan ƙanwar babana, kuma tun muna yawo ba wando muke tsokanar juna. Ni in ce masa Karan Dawa, shi ya ce min Tumbi. A ƙauyukanmu na tsakanin Tsanyawa da Bici babu gidan da ba a daka a turminsa. Turmin Dogo in ka dire shi a ƙasa ya zauna ke nan, ko ƙarti biyu ne ke lugude a kansa ba zai motsa ba.

To, shekarar da sojojinmu suka dawo gida daga yaƙin Bama, wani turmi ya kunyata shi a tsakiyar kasuwar Tsanyawa. Larai mai fura ce ta saya, ta ce bari ta gwada tun a nan. Tana sauke taɓarya turmin ya yi gefe, gero ya watse, kaji suka yi biki.

"Baba Dogo," in ji Larai, "wannan turmin a gidan makaɗa ya girma? Rawa yake yi!"

Mata suka kwashe da dariya. Ni kuwa daga rumfata na ɗaga murya na ce idon Karan Dawa ya tafi kiwo bai dawo ba. Kafin kasuwa ta zagayo masu saye sun koma wajen Badaru, wani matashin masassaƙi da aikinsa ba laifi, amma wallahi bai kai ya riƙe wa Dogo gizago ba. Dogo ya ɗauki turmin nan ya faskara shi ya ba matarsa ta hura wuta. Da yamma ya same ni ina wanke wuƙaƙe.

"Tumbi, aiki ɗaya ya rage min," in ji shi. "In ya ƙi, na rataye gizago, ba kuma zan sake sauke shi ba."

Na kuwa san Dogo ba ya magana biyu. Gonarsa kuwa ba ta fi shimfiɗar tabarma ba, sassaƙar nan ita ce tuwon gidansa.

Ana haka sai ga Khalilu a kan keke. Tsohon soja ne, yana yi wa Baturen gona masinja da tafinta, Baturen da muke kira Mai Lofe saboda lofen shan taba ba ya barin bakinsa. Ya kwance wani ƙunshi ya fito da baƙar ƙwallo ta itace, girmanta kamar ɗan madaidaicin duma, nauyi kuwa sai ka ce dutsen niƙa. Zafin bazara ya tsaga ta. Ya ce su huɗu ne 'yan uwan juna, Mai Lofe ya gaje su wajen ubansa, yana son a sassaƙa masa irinta. Yana gama faɗa ya haye kekensa, wai ana jiransa a Ɗanbatta.

Dogo ya kawo ƙwallon daf da hancinsa, ya jujjuya ta, ya shafa ta. Sai ya yi tsaki.

"Wanda ya yi wannan ya ha'inci uban Bature. Taɓa ka ji, gefe ɗaya ya fi ɗaya tudu. Ni zan gyara masa."

Ya nemo zuciyar ƙirya, irin wadda gatari ke tsalle in ya sare ta. Ya yi ta fama, ya goge da yashi, ya shafe da man gyaɗa. Ranar da ya gama ya mirgina ta a zaurensa, ta tafi ɗoɗar ba ta kauce ko da faɗin gashi ba. Ni da bakina ba ya yabon Dogo, ranar sai da na ce tubarkalla.

Muka hau jakuna muka nufi barikin da Mai Lofe ke sauka kusa da Bici. Ashe ƙwallayen na wani wasa ne da a ƙasarsu ake yi a kan ciyawa, ciyawar da ake aske wa kai kamar ango. Da ciyawa ta ƙi zama a nan, sai ya sa mata suka yi masa dogon daɓe a ƙarƙashin maɗatai, sumul. Ya karɓi ƙwallon Dogo ya auna ta a hannu ya gyaɗa kai. Ya fara mirgina wata 'yar farar ƙwallo ta je can ƙarshen daɓen ta tsaya, wai wanda ƙwallonsa ta fi kusantar ta shi ya ci. Sannan ya durƙusa, maimakon ya saita farar sai ya saita gefe, ya saki ta Dogo. Ta tafi inda aka aike ta, ta sauka daga daɓen, ta ratsa shingen lalle, ta tarwatsa zabin mai gadi.

Mai Lofe ya cire lofe ya yi magana.

"Ya ce bai taɓa ganin ƙwallo mai kyan wannan ba," in ji Khalilu. "Amma ba ta da amfani. Ta cika daidai."

Dariya ta kama ni har na riƙe ciki. Dogo kuwa ko ƙifta ido bai yi ba.

Sai Baturen ya ɗauki ɗaya daga cikin nasa ya sake ta a gefen nan dai. Ta tafi kamar ba ta san da farar ba. Da ta fara gajiya sai ta soma lanƙwasa, sannu sannu, ta zagayo ta bayan wata da ke kwance a hanya, ta zo ta jingina da farar ta yi shiru. Kai! Na ga dambe, na ga kokawa, na ga langa, amma ban taɓa ganin itace ya yi dabara ba sai ranar. Ashe tudun nan da Dogo ya kira ha'inci shi ne dukan wasan.

Khalilu ya yi ta fassara mana. Wai kakannin kakanninsu sun yi wannan wasa, har wani sarkinsu na da ya taɓa hana talakawa yin sa, saboda samari sun watsar da koyon harbin baka sun tare a wajen mirgina ƙwallo. Na ce wannan sarki ya san aikinsa. Khalilu ya ƙara da nasa, ya ce wasan iri iri ne. A barikin soja ya ga wanda ake jera sanduna tara a tsaye, a turo ƙwallo a zubar da su. Faransawan Maraɗi kuma ƙwallayensu na ƙarfe ne, cilla su suke yi sama su faɗo a kan yashi, suna musu kamar dillalan shanu. Mai Lofe ya nuna ƙwallon Dogo ya ce ta masu sanduna ce, a can za a yi rububinta.

Dogo ya jira aka gama bayani. Sannan ya roƙi a sake mirgina ta Bature. Aka saki, sai ga dogon mutumin nan ya duƙa yana bin ta a gefe, kansa kusa da ƙasa, kamar mai korar ɗan tsako. Ya ce a sake. Aka sake, ya sake bi. Masu aikin bariki suna ta ƙunshe dariya, ni kuwa na ce masa in ya kama ta a soya mana. Daga ƙarshe ya miƙe yana haki, ya roƙi aron lafiyayya guda ɗaya. Mai Lofe ya ɗan yi jim, ka san kayan gado, sannan ya miƙa masa da hannu biyu.

A hanya na ce, "Kwantar da hankalinka, Karan Dawa. In dai karkatacce ake so ai an zo gida. Turmin Larai shaida ne."

"Wancan karkata ce ta kuskure," in ji shi. "Wannan da sani aka yi ta, kuma da awo. Wanda ya yi ta malamina ne, ko da ban san kabarinsa ba. Na zage shi, Allah Ya yafe min."

"To maganar rataye gizago fa?"

"Aiki ɗaya na ce. Bai ƙare ba tukuna. In wannan ta ƙi lanƙwasa, ka zo ka ɗauki gizagon ka riƙa fasa ƙashi da shi."

Ƙwallon farko dai ba ta yi asara ba. Na kai ta dandali, muka samo guntayen tsofaffin taɓare muka jera tara yadda Khalilu ya kwatanta. Tabɗi! Kafin sati ya zagayo, da an sauko daga gona babu wanda ke zama a gida. Mai unguwa da rawaninsa ya durƙusa yana saiti. Badaru ma ya zo, ya zubar da shida ya yi ta tsalle. Mata suka fara ƙorafin taɓarensu na ɓacewa, sai na gane abin da ya dami sarkin nan na Turawa.

Dogo kaɗai ne bai leƙo ba. Na je na same shi a lungun zaure inda haske ba ya kaiwa, ƙwallon aro a cinyar hagu, sabuwar ƙirya a ta dama. Ya ajiye gizago, da 'yar wuƙa yake kankara. Hannu ɗaya ya shafi waccan, ɗaya ya shafi wannan, ya kankare ɗan abin da bai kai ƙaiƙayi ba, ya sake shafawa.

"Haba Dogo, ka fito haske mana. Jemage ka zama?"

"Nan ya fi sanyi," in ji shi.

Na ce taurin kai ne irin nasu na dangin uba, na yi tafiyata. Da ya gama ya jiƙa ta a mai har ta yi baƙi ta ƙara nauyi. Bai gwada ta a gaban kowa ba.

Ranar komawa bariki rabin ƙauye ya biyo mu, har da Larai da ƙwaryar furarta a ka, wai ba za a ba ta labari ba. Dogo ya mayar da ta aro, Mai Lofe ya karɓi sabuwar ƙwallon ya daɗe yana juya ta. Ya mirgina farar. Ya mirgina nasa guda uku, da gangan ya jera su sun tare hanya, yadda babu mai isa wajen farar sai wadda ta iya zagaye. Sannan ya ɗauki ta Dogo ya durƙusa.

Na zaci Dogo zai bi ta kamar wancan karon. Bai bi ba. Ya tsaya a gefena ya damƙe min hannu.

Ta tafi gefe, ta yi nisa, har Badaru ya ce shi ke nan, zabi su shirya. Ni kaina na ce ta tafi. Sai ta rage gudu. Sai ta ɗan sunkuyar da kafaɗa. Jama'a, ƙiryar dajinmu, wadda awaki suka yi kiwo a gindinta, ta lanƙwaso ta bayan ƙwallayen Ingila guda uku kamar a cikinsu aka haife ta, ta zo ta taɓa farar, ƙwas, ta kwanta.

Wuri ya kaure. Larai ta rangaɗa guɗa, mai unguwa yana ta kabbara, lofen Bature ya faɗi ƙasa bai ma ɗauka ba, yana ta tafi yana faɗin abin da Khalilu ya kasa fassarawa don shi ma ihu yake yi. Na juya in tsokani mutumina, sai na ga fuskarsa na kallon wajen shingen lalle, ba wajen ƙwallon ba. Ya matso da bakinsa kunnena.

"Sammani, ta ina ta bi?"

Tun muna yara bai taɓa kirana da sunana ba. Na dubi idanunsa da kyau, abin da ban yi ba shekara da shekaru, sai na ga farar yana ta rufe su duka biyun. Ashe bin ƙwallon da ya yi a duƙe, da kunne ya bi ta. Ashe lungun zaure da tsakar rana duk ɗaya ne a wajensa.

Na buɗe tafin hannunsa, na ɗora yatsana a gindin tafin. Na ja shi gefe, na ja, na rage gudu, na lanƙwaso ta ƙarƙashin yatsunsa, na zo na tsaya a tushen babban yatsa na danna.

"Nan farar take," na ce. "Ta taɓa ta."

Ya rufe hannun a hankali ya riƙe. Ya daɗe a haka. Sannan ya ɗaga kai wajen da guɗa ke fitowa.

"Larai! Ki zo ranar kasuwa ki karɓi turminki."